Ƙarancin Iskar Oksijin da Yaɗuwar Sankarar Fankiriyas: Bahasi a kan Sababi da Hujja

Ina roƙon izininku in gabatar da bahasi a kan wata mas'ala wadda zahirinta yake saɓa wa abin da hankali ya saba da shi. Mas'alar kuwa ita ce, sankarar fankiriyas tana zaune cikin ƙarancin iskar oksijin irin wanda da lafiyayyar tsoka ce ta faɗa cikinsa da ba ta daɗe ba ta lalace, amma duk da haka ita ba ta mutuwa, sai ma ta ƙara tsanani, ta tashi daga mazauninta ta kama hanta da tantanin ciki da huhu. Abin da nake son tabbatarwa a gabanku shi ne, wannan ƙaranci yana daga cikin sabubban yaɗuwar cutar, kuma hujjojin da suka taru a kan haka sun fi ƙarfin a kira su zato. Sai dai sababi ne mai sharuɗɗa, mai sauyawa daga majinyaci zuwa majinyaci, har daga kusurwa zuwa kusurwa cikin ƙari guda, saboda haka wanda duk ya tasam ma magance shi bai auna shi ba, da wuya ya dace.

Fankiriyas gaɓa ce mai taushi, tsawonta kimanin santimita 15, tana kwance can ƙuryar ciki a bayan tumbi, kanta yana cikin lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, wutsiyarta kuwa ta miƙa hagu har ta kusa taɓa saifa. Aikinta biyu ne, ta zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji, ta kuma saki insulin cikin jini domin daidaita sukari. Kimanin tara cikin goma na sankarar da take kama wannan gaɓa daga ƙwayoyin bututun ruwan narkarwar take tasowa, ita nake nufi kuwa cikin takardar nan, sai fa inda na bayyana wani abu daban. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum kimanin 496,000 suka kamu da ita, kimanin 466,000 kuma suka rasu ta dalilinta, kusancin waɗannan lissafai biyu ma kaɗai ya isa bayani. Ko a Amurka, inda kayan aiki suka wadata, waɗanda suke kai shekara biyar bayan an gano cutar ba su wuce 13 cikin ɗari ba, waɗanda ake samu ana iya yi musu tiyata kuwa ba su wuce 15 zuwa 20 cikin ɗari ba, domin wajen rabin majinyata cutar ta riga ta isa wata gaɓa tun kafin likita ya sa musu ido. Da masana na Jami'ar Johns Hopkins suka binciki gawawwakin mutum 76 da wannan cuta ta yi ajalinsu, suka bayyana sakamako a 2009, sai suka iske kimanin 70 cikin ɗari cutar ta watsu ko'ina a jikinsu. Ashe ke nan yaɗuwa ita ce babbar musiba, duk abin da yake rura ta kuwa ya cancanci a yi masa tahƙiƙi.

Asalin mas'alar da yadda aka auna ta

A shekarar 1955 wasu masana biyu na Ingila, Thomlinson da Gray, suka duba yankakkun sankarar huhu a ƙarƙashin madubin likita, suka lura da wani tsari wanda ba ya saɓawa: kusa da inda jini yake gudana ƙwayoyin sankara suna raye, amma kafin a yi nisan kashi ɗaya cikin biyar na milimita sai a tarar da matattu. Da suka lissafa iyakar nisan da oksijin take iya ratsawa cikin tsoka kafin ƙwayoyin da ke kan hanya su shanye ta, sai lissafin ya dace da abin da ido ya gani, daga nan suka ciro hukunci cewa lalle tsakanin rayayyu da matattu akwai wata zuriya ta ƙwayoyi waɗanda suke raye amma cikin matsanancin ƙarancin iska. Shekara biyu kafin wannan Gray da abokan aikinsa sun riga sun nuna cewa ƙwayar da ta rasa oksijin tana jure wa gashin da ake yi wa sankara da haske mai ratsa jiki, har sai an ninka mata adadin hasken kusan sau uku kafin ta mutu. Saboda haka aka yi shekara kusan arba'in galibin likitoci suna ɗaukar ƙarancin oksijin a matsayin cikas ga gashi kawai.

Wannan fahimta ta sauya a 1996, lokacin da Höckel da Vaupel na birnin Mainz a Jamus suka bayyana cewa matan da aka auna sankarar bakin mahaifarsu da siririyar allura mai auna oksijin, aka iske iskar ta yi ƙaranci, cutarsu ta fi dawowa, kuma hakan ya tabbata har ga waɗanda tiyata aka yi musu. Ku lura da ƙarfin wannan dalili: wuƙar likita ba ta buƙatar oksijin kafin ta yanke ƙari, to in har waɗanda aka yi wa fiɗa ma sun fi shan wuya, lalle illar tana cikin ɗabi'ar sankarar kanta. A shekarar nan dai Brizel na Jami'ar Duke ya nuna cewa sankarar tsoka mai ƙarancin oksijin ta fi saurin kama huhu. Fankiriyas kuwa, saboda zurfin mazauninta, ba a kai gare ta ba sai a 2000, sa'ad da Koong da abokansa na Jami'ar Stanford suka soka irin wannan allura cikin ƙarin majinyata bakwai ana tsakiyar yi musu tiyata. A ma'aunin milimitar zaiba, oksijin ta iskar da muke shaƙa tana kai 160, ta jinin da ya fito daga huhu kusan 100, ta galibin tsokar jiki wajen 40. Amma a cikin waɗannan ƙari bakwai tsaka-tsakin awo bai wuce kimanin 5 ba, wasu ma ya kusa kai sifiri, alhali lafiyayyen sashen gaɓar da ke maƙwabtaka da ƙarin yana da iskarsa daidai. Tun daga ranar ake lissafa wannan sankara cikin mafi ƙarancin oksijin da aka taɓa aunawa a jikin ɗan Adam.

Sababin wannan ƙaranci yana cikin yadda ƙarin yake ginuwa, domin sau da yawa ƙwayoyin sankara su ne 'yan tsiraru a cikinsa, mafi yawan jikinsa kuwa wata tsoka ce mai tauri kamar tabo, wadda wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro suke saƙawa, waɗanda Apte a Sidni ta Ostareliya da Bachem a Ulm ta Jamus suka fara keɓewa a 1998. Idan sankara ta ta da su daga barcinsu, sai su dinga zuba zaren kolajen da wani sinadari mai suna hayaluronan wanda yake tsotsar ruwa ya kumbura, matsi ya hauhawa a cikin ƙarin har ya danne ƙananan jijiyoyin jini su rufe, kamar yadda Provenzano da Hingorani suka nuna a jikin ɓeraye a 2012. Jijiyoyin dama kaɗan ne, kaɗan ɗin kuma an matse su, ƙwayoyin sankara kuwa ba su daina shan abin da ya samu isowa ba. Babbar illa ita ce ƙarancin oksijin da kansa yana ƙara zaburar da ƙwayoyin nan masu saƙa, su ƙara kolajen, matsi ya ƙaru, iska ta ƙara raguwa, sababi ya haifi musabbabi, musabbabi ya koma ya zama sababi. Ta hanyar da oksijin ta kasa shiga kuwa, ta nan magani ma yake kasa shiga.

Yadda ƙwaya take sanin iska ta ragu, da abin da take yi

Allah ya sanya wa kowace ƙwaya ta jikinmu hanyar sanin adadin oksijin da ke kewaye da ita, hanyar da Gregg Semenza na Johns Hopkins ya fara buɗe ƙofarta a 1992 yana binciken yadda jiki yake ƙara jini, ya gano furotin da ake kira HIF, sa'an nan Peter Ratcliffe na Oxford da William Kaelin na Boston suka bayyana sauran sirrin, aka haɗa su ukun aka ba su kyautar Nobel a 2019. Ƙwaya tana ƙera wannan furotin dare da rana ba fashi, amma muddin akwai oksijin, wasu inzayim suna amfani da oksijin ɗin su yi masa shaida, wani furotin mai suna VHL ya ga shaidar ya miƙa shi inda ake rushe shi cikin 'yan mintoci. Idan iska ta ragu, shaida ba ta samuwa, sai HIF ya taru ya shiga cibiyar ƙwaya ya kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado, wasu na neman sabbin jijiyoyin jini, wasu na ƙara shan sukari, wasu na motsi da ƙaura. Rahama ce aka tanada domin ɗan tayi da mai rauni da mai hawa tsauni, ita ce kuwa sankara take karkatarwa zuwa ga buƙatarta.

Kafin a zo ga abin da HIF yake kunnawa, akwai wani aiki da ƙarancin oksijin yake yi wanda a ganina shi ne tushe, wato tacewa. Lafiyayyar ƙwaya idan ƙunci ya yi mata yawa, furotin p53 yana umartar ta ta kashe kanta domin maslahar sauran jiki. A 1996 Graeber da Giaccia suka cakuɗa 'yan ƙwayoyi kaɗan waɗanda suka rasa p53 cikin ɗimbin masu shi, suka riƙa janye musu oksijin suna mayarwa, kafin a yi zagaye da yawa sai 'yan kaɗan ɗin suka rinjayi sauran. Al'amarin ya yi kama da shekarar fari a ƙauye: yunwa ba ta share gari baki ɗaya, masu rauni take ɗauka, waɗanda suka rage kuwa su ne masu jimiri, su ne kuma suke ɗaure kayansu su kama hanya su sauka a wasu garuruwa. Idan muka tuna cewa fiye da 90 cikin ɗari na sankarar fankiriyas tana ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado ta KRAS mai tura ƙwaya ta yi ta rabuwa, fiye da rabinta kuma p53 ya lalace, za mu gane irin zuriyar da take saura bayan an shekara ana wannan tacewa a cikin duhun ciki.

Sa'an nan sai a zo ga sauyin ɗabi'a. Tun cikin shekarun 1920 Otto Warburg ya lura a Balin cewa ƙwayoyin sankara suna shan sukari fiye da kima suna mayar da shi tsamin laktik ko da akwai oksijin. Idan iska ta yanke kuwa HIF yana ninka wannan, ya ƙara ƙofofin shigar sukari, ya kunna inzayim CA9 wanda yake taimaka wa ƙwaya ta tsare cikinta daga tsami ta bar shi a waje. Tsamin nan yana zaburar da inzayim masu cinye saƙar da ke kewaye, yana kuma kashe wa mayaƙan garkuwar jiki kuzari. A lokaci guda HIF yana ɗaga wasu furotin, Snail da Twist da Zeb1, waɗanda suke danne abin da yake manne ƙwayoyin bututu da junansu, sai ƙwayar da a da take jere a sahu ta saki maƙwabtanta, ta miƙe, ta soma rarrafe tana neman jijiya. Har hanyar da za ta bi ma ana gyara mata, domin inzayim LOX, wanda shi ma HIF yake kunnawa, yana ɗaure zaren kolajen ya ƙara masa tauri; masana na Cibiyar Beatson da ke Glasgo sun nuna a 2015 cewa majinyatan da LOX ya yi yawa a ƙarinsu ba su daɗewa, da suka toshe shi a jikin ɓeraye kuma yaɗuwa ta ragu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga Toronto ta Kanada a 2011, inda Chang da Hedley suka ɗebi ƙarin da aka ciro daga jikin majinyata suka dasa a fankiriyas ta ɓeraye, suka auna oksijin na kowanne, sai suka iske waɗanda iskarsu ta fi ƙaranci su suka fi saurin girma, su kuma suka fi watsuwa da kansu zuwa wasu gaɓoɓi. A 2017 kuma Chiou da Winslow na Stanford suka keɓe wani rukuni na ƙwayoyin sankarar fankiriyas mai tsananin iya yaɗuwa, suka gano cewa wani furotin, Blimp1, yana daga cikin masu jan ragamar wannan hali, kuma ƙarancin oksijin ne yake kunna shi. Fa'idar da ke cikin wannan bincike, wadda nake roƙon ku riƙe ta, ita ce halin na ɗan lokaci ne, ƙwaya tana shiga cikinsa tana fita gwargwadon inda ta sami kanta.

Wannan ya kawo mu ga wani sashe da ake yawan mantawa, shi ne dawowar iska bayan yankewarta. Jijiyar da aka danne tana iya buɗewa ta sake rufewa, saboda haka ƙwayoyin da ke gefenta suna rayuwa ne tsakanin ƙunci da yalwa, ƙwayar da ta faɗa cikin jini kuwa ta fito ke nan daga awon da bai kai 5 ba zuwa ninkin-ba-ninkinsa. Tun a 1988 Young da Marshall da Hill suka nuna a Toronto cewa ƙwayoyin sankarar ɓeraye da aka hana su oksijin, sa'an nan aka mayar musu, sun fi kama huhu fiye da waɗanda ba a taɓa hana su ba, kuma wannan ƙarfi yana gushewa bayan wani lokaci. Dawowar oksijin tana haifar da wasu ɓurɓushin sinadarai masu ƙuna waɗanda suke lalata ƙwayoyin gado, suna kashe wasu ƙwayoyi, suna sauya wasu. A 2020 Cheung da Vousden a Landan suka cire wa ɓeraye masu wannan sankara furotin TIGAR, wanda yake rage ɓurɓushin nan, sai farkon tsirowar cutar ya yi jinkiri, amma da ta kafu sai ta fi kutsawa da yaɗuwa. Abu guda ke nan ya zama kariya a wani mataki, ya zama fitina a wani, wanda ya ba da fatawa guda a kan matakan biyu kuwa bai yi wa mas'alar adalci ba.

Inda malamai suka yi saɓani

Amanar ilimi ta wajabta mini in kawo abin da yake raunana wannan bayani. Da HIF shi ne mugun baki ɗaya, da cire shi ya kawo sauƙi. Amma da Lee da Celeste Simon na Jami'ar Pensilbaniya suka cire nau'i na farko na HIF daga fankiriyas ta ɓeraye a 2016, sai cutar ta ƙara sauri, wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira B suka kwararo suna taimaka mata, a 2020 kuma Tiwari da abokan aikinsa suka ga cire shi ya rushe p53 ya ƙara yaɗuwa. Haka nan batun sakin maƙwabta: a 2015 Zheng da Kalluri sun cire Snail ko Twist, yaɗuwa ba ta ragu ba, sai dai ƙwayoyin sun fi jin magani, alhali a 2017 Krebs da Brabletz na Jamus sun cire Zeb1 suka ga ta ragu ƙwarai. Sulhun da nake gani tsakanin waɗannan riwayoyi shi ne ƙarancin oksijin ya fi HIF faɗi, yana da wasu hanyoyi na isar da saƙo cikin ƙwaya, kuma cire furotin tun ɓera yana ciki daban yake da toshe shi bayan ƙari ya nuna. Akwai kuma aibi biyu a cikin hanyoyin bincikenmu. Mafi yawan ƙwayoyin da ake reno a ɗakunan gwaji cikin iskar ɗaki ake ajiye su, mai oksijin kusan 21 cikin ɗari, adadin da fankiriyas ba ta taɓa gani ba, sa'an nan a kira wannan hali na daidai. Awon Koong kuma, duk da girman darajarsa, na mutum bakwai ne. Da Dhani da Hedley suka ba majinyata sinadarin fimonidazol kafin tiyata, wanda yake maƙalewa inda iska ta yi ƙaranci, suka bayyana sakamako a 2015, sai aka ga wasu ƙarin ƙarancinsu mai yawa ne, wasu da ƙyar ake ganinsa, cikin ƙari guda ma wannan yanki ya saɓa wa wancan.

Tarihin magani ya gaskata wannan taka-tsantsan, kuma tarihi ne mai ɗaci, domin bayan kowane lissafi da zan karanta akwai mutane da iyalansu waɗanda suka shiga gwaji da kyakkyawan fata. An fara da tunanin a yanke wa ƙari jini, aka haɗa maganin bebasizumab, mai hana tsirowar jijiyoyi, da maganin sankara na jemsitabin, aka gwada a kan mutum 602 a Amurka. Da sakamako ya fito a 2010, tsaka-tsakin rayuwa wata 5.8 ne ga masu sabon magani, 5.9 ga marasa shi. Shekara guda kafin haka Páez-Ribes da Casanovas na Basalona sun riga sun nuna, a wata sankarar fankiriyas daban wadda take tasowa daga ƙwayoyin insulin, cewa hana jijiyoyi yana rage girman ƙari a jikin ɓera, amma yana ƙara masa ƙarancin iska da kutse da kama hanta. Sai aka juya ga akasi, a rushe tsokar nan mai tauri domin jini ya shiga: Olive da Tuveson na Kambirij sun yi haka a 2009 ɓeraye suka ɗan ƙara kwana, amma da aka kai maganin ga mutane sai aka dakatar da gwajin a 2012 saboda masu shan sa sun fi saurin rasuwa. Bayanin ya zo a 2014 daga bincike biyu, na Özdemir da na Rhim, cewa wani sashe na tsokar nan tsare sankara yake yi, a binciken Özdemir ma kawar da masu saƙa ta ya ƙara ƙarancin oksijin. Maganin narkar da hayaluronan shi ma ya faɗi a babban gwajinsa a 2019, duk da an zaɓi majinyatan da sinadarin ya yi yawa a ƙarinsu.

Gwajin da ya fi kusa da mas'alarmu shi ne na ebofosfamid, magani mai hikima wanda yake shiga jiki ba ya cutarwa sosai sai ya isa inda oksijin ta yanke, a nan ya saki dafinsa. An gwada shi tare da jemsitabin a kan mutum 693, aka sanar a ƙarshen 2015 cewa tsaka-tsakin rayuwa wata 8.7 ne a gefe guda, 7.6 a ɗaya gefen, bambancin da ya gaza kaɗan ga sharaɗin da masu ƙididdiga suka gindaya, aka jingine maganin. Abin da yake damuna shi ne ba a zaɓi majinyatan bisa awon oksijin na ƙarinsu ba, an haɗa wanda maganin yake da wurin aiki a jikinsa da wanda ba shi da shi, sa'an nan aka yanke wa maganin hukunci. A Denmak, a sankarar maƙogwaro, maganin nimorazol ya ƙara wa gashi tasiri, da masana na Aarhus suka koma suka tantance tsofaffin samfura ta ƙwayoyin gado 15, sai suka ga fa'idar tana ga masu ƙarancin iska ne. Wannan ƙiyasi ne daga wata sankara zuwa wata, wani gwaji da aka yi daga baya a Birtaniya ma bai tabbatar da shi ba, saboda haka ba na da'awar cewa awo lamunin nasara ne. Da'awata ita ce sharaɗi ne wanda hukunci ba ya inganta sai da shi.

Akwai wani waswasi da ya kamata likitoci su yi wa jama'a maganinsa, domin wanda ya ji wannan bayani yana iya cewa to sai a ƙara wa majinyaci oksijin ta hanci cutar ta tsaya. Jinin mai lafiyayyen huhu ya riga ya ɗauki kusan iyakar abin da zai iya ɗauka, cikas ɗin yana can inda jijiya ta rufe, kuma babu wata hujja tabbatacciya cewa shaƙar oksijin, ko shan wani ruwa da ake cewa an ɗura masa ita, yana hana wannan sankara yaɗuwa. Oksijin da ake sa wa mai sarƙewar numfashi a asibiti domin sauƙaƙa masa ne, wannan kuwa babi ne daban, mai kyau a muhallinsa.

Galibin binciken da na ambata a Turai da Amurka ta Arewa da Ostareliya aka yi shi, a kan mutanensu da ɓerayensu, alhali wannan cuta tana kama namu mutanen, galibi kuma ba su isowa asibiti sai ido ya yi ɗorawa da shawara, jiki ya rame, an gama zagayen jiƙe-jiƙe. Allurar auna oksijin da manyan na'urorin hoto sun fi ƙarfin yawancin asibitocinmu, amma rina yankakken ƙari domin a ga CA9 ko ƙofofin sukari aiki ne da ɗakin binciken tsoka na asibitin koyarwa yake iya yi, muddin an tuna cewa waɗannan alamomi ne na ƙarancin iska, ba awonta kai tsaye ba, kuma yanki guda ba ya wakiltar ƙari duka. Saboda haka nake roƙon likitocin fiɗa da masu binciken tsoka na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, duk samfurin wannan sankara da ya zo hannunsu su adana shi da izinin mai shi, su ɗebi yanki fiye da ɗaya, su rubuta inda cutar ta kai a ranar da aka gan ta da abin da ya biyo baya, su kuma haɗa kundinsu wuri guda, tun da abin da asibiti ɗaya yake gani a shekara ba ya isa a gina hukunci a kansa. Ga 'yan'uwana da ke ƙananan asibitoci kuwa, dattijon da ya zo da shawara ba zazzaɓi, yana ramewa, ko ciwon sukari ya same shi kwatsam da girmansa, a taimake shi a tura shi hoton ciki a makon nan, kada a ce ya je ya dawo.